Injiniya da Kwalbar Gwaji

Shekara goma sha ɗaya makullan ruwa na rukunin gidajen bayan tasha suna rataye a ƙugun mutum ɗaya, wanda kowa ke kira Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaita shi har ya bi bakin mutane. Iyakar abin da ya haɗa shi da aikin ruwa shi ne wata bakwai da ya yi yana ɗaukar wa wani mai gyaran famfo jaka, tun yana saurayi. A wata na bakwai aka bar shi shi kaɗai a gidan wani lauya ya ɗaura bututu biyu. Kafin la'asar ruwa ya kai idon sawu a falo, littattafan lauya suna iyo. Ubangidan nasa bai zage shi ba, ya dai karɓe jakarsa ya nuna masa hanya.

Daga nan ya sayar da tabarau a bakin titi, ya yi ɗan kamasho a tasha, ya buɗe wurin wankin mota wanda ya rufe cikin wata uku. A kowanne ya fito da dogon labarin yadda mahassada suka yi masa zagon ƙasa. Abu ɗaya ya taɓa yi da ya ɗore: ya auri babbar 'yar tsohon da ya gina rukunin gidajen. Malamar firamare ce, mai sanyin magana, kuma har yau ƙawayenta ba su gano abin da ta gani a jikinsa ba.

Tsohon, wanda 'ya'yansa da 'yan haya duk suke kira Baba, direban babbar mota ne a da. Da guminsa ya gina gidajen ɗaya bayan ɗaya har suka kai arba'in da biyu. Bututun gwamnati bai taɓa isowa unguwar ba, sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora ƙaton tanki a kan ƙarafa masu tsayin bene biyu, ya ja famfo zuwa kowane gida. Da hukumar lafiya ta ji labari ta aiko masa da takarda: duk mai shayar da jama'a masu yawa haka dole ya yi rajista, ya riƙa zuba kulorin a ruwan don kashe ƙwayoyin cuta, ya auna shi kullum ya rubuta a littafi, ya riƙa wanke tanki, sannan duk wata uku ya kai ruwan ɗakin gwaji a cikin kwalbar da za a ba shi. Baba ya yi haka da hannunsa shekara huɗu, har yanar ido ta soma rufe masa gani. Ya duba danginsa, ya ga surukinsa zaune ba aikin fari ba na baƙi, ya tuna an ce ya taɓa riƙe sifana. Ya miƙa masa makullan.

Washegari Injiniya ya sayo hular kwano da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi. Ɗakin inji, wanda bai fi taku huɗu ba, ya mai da shi ofis: kujerar roba, rediyo, kalanda, da tabarma a naɗe a bayan ƙofa saboda barcin rana. Durom ɗin kulorin ya shimfiɗa masa jarida ya zama tebur. Da safe yakan danna maɓalli ɗaya inji ya tashi, da yamma ya danna ya mutu. Wannan shi ne aikin, amma in ka ji shi yana ba da labari a bakin shago sai ka rantse jirgin sama yake tuƙawa.

Awon kulorin ya gundure shi tun a satin farko. Wai sai ka ɗebi ruwa a ɗan bututun gilashi, ka jefa ƙwaya, ka jira ya rine, ka kwatanta launin da na jikin kati. Shi duk launukan ɗaya suke a idonsa. Ya duba shafukan da Baba ya cike, ya ga lambar da ta fi yawa ita ce sifili da ɗigo biyar, shi ke nan ya samu mafita. Duk ƙarshen wata sai ya zauna da biro ɗaya ya jera ɗigo biyar daga sama har ƙasa, ya sa hannu da wata irin lanƙwasa mai jela.

Kwalbar farko da ya kai ɗakin gwaji ruwan famfo na gaskiya ya ɗura mata. Bayan sati ɗaya takarda ta zo cewa ruwan ya soma gurɓata, a wanke tanki a sake kawowa. Ya gyara hular kwano, ya kama tsanin ƙarfe, ya taka ɗaya, biyu, uku, huɗu. A mataki na huɗu ya yi kuskuren duba ƙasa. Gumi ya karyo masa, ya sauko a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya waiga, babu wanda ya gan shi. Tun daga ranar bai sake taɓa tsanin nan ba, kuma bai sa kowa ya hau ba, don kada a tambayi abin da ya hana Injiniya hawa da kansa.

Dabarar ta faɗo masa ne a hanyar komawa ɗakin gwaji. Akwai babban kanti kusa da wurin. Ya shiga ya sayi ruwan gora na kamfani, ya laɓe a bayan wata mota ya juye shi a kwalbar hukuma, ya miƙa. Sakamako ya fito tas. Ya kai wa Baba ya karanta masa da ƙarfi, tsoho ya yi ta sa masa albarka. Ya manna takardar a bangon ɗakin inji, kuma duk wata uku sai ya ƙara wata, har bangon ya cika ya soma mannawa a jikin ƙofa ta waje, inda duk mai wucewa zai gani.

Mutum ɗaya ce takardun ba su taɓa burge ta ba, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke gida na tara, ana ce mata Inna Nas. Ta shekara talatin a ɗakin yara na asibiti, ta san warin abin da ke kwantar da yaro. Wata rana bayan ruwan sama ta same shi a ƙarƙashin bishiyar da yake shan iska, ta ware masa wani farin ƙyalle da ta ɗaura a bakin famfonta kwana biyu. Ya koma kalar ƙasa.

"Ɗana, dubi wannan. Kuma in an yi ruwan sama famfon nan wari yake yi."

Ko karɓa bai yi ba. "Inna, ke allura kika sani, ni ruwa na sani. Wannan ai sinadarai ne na ƙarƙashin ƙasa, masu ƙara ƙarfin ƙashi. A wasu wurare saye ake yi."

"Ramin masan da kuka haƙa a bayan sababbin ɗakuna fa? Bai yi kusa da rijiyar ba?"

"Ni na auna wurin da kaina," in ji shi, yana kaɗa makullai.

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Lokacin da Baba ya ƙara ɗakuna huɗu, masu haƙa sun so su kai ramin can ƙarshen fili, amma sai an sare bishiyar da Injiniya ke zama a ƙarƙashinta. Shi ya nuna musu wani wuri, taku goma sha biyu daga bakin rijiya, ya ce ƙasar nan ta fi tauri.

Inna Nas ba ta sake yi masa magana ba. Ta bi gidajen da take da fuska tana cewa a riƙa tafasa ruwan sha. Wasu suka ji, wasu suka ce tsufa ne, ga takardun hukuma a ƙofa. Cikin waɗanda suka ji har da matar Injiniya. Kullum da asuba takan ɗora babbar tukunya, ta juye a jarka ta ajiye wa kanta da 'ya'yansu uku. Shi kuwa ya yi ta mita a kan gas.

"Kina zubar min da mutunci. Matar Injiniya tana tafasa ruwan Injiniya, me mutane za su ce?"

"Baban yara, kai ma ai ba ka sha," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kullum da gorarka a hannu."

"Ni likita ne ya hana ni, saboda gyambon ciki."

Babu likita, babu gyambo. Ya dai san abin da yake ɗurawa a kwalbar gwaji, don haka ruwan gora kaɗai ke wuce maƙogwaronsa. Yakan saya a shagon bakin ƙofar rukunin, na ƙanin matarsa, wani mai fara'a da ba ya ƙyale riba ta wuce ta gabansa ko ta allura ce.

Haka aka tafi har daminar shekara ta goma sha ɗaya, wadda ruwa ya yi kwana shida yana zuba. Kwatoci suka cika suka tumbatsa, bayan sababbin ɗakuna ya zama tafki. A satin ne ranar kai kwalba ta zo. Injiniya ya leƙa waje ya ga taɓo, ya tuna zagayen da zai yi zuwa babban kanti, ƙiwa ta kama shi. Gora ai gora ce. Ya tsaya a shagon surukinsa ya sayi biyu masu sanyi, ya shiga ɗakin inji ya juye ɗaya a kwalbar hukuma, ɗayar ya kwankwaɗe a mota.

Kwana biyu bayan haka yara suka soma kwanciya. Gida na uku, gida na ashirin da ɗaya, gida na talatin, duk amai da gudawa. A gida na goma sha bakwai akwai jaririya 'yar wata takwas, 'yar fari ga wani tela da matarsa, da aka soma haɗa mata madara da ruwan famfo. Inna Nas ta duba idonta da maɗigarta, ta ce kada a jira komai, a tafi asibiti yanzu. Injiniya ya ce canjin yanayi ne, duk shekara ana yi. A rana ta uku shi ma canjin yanayin ya same shi. Ya wuni yana sintiri tsakanin gado da banɗaki, yana nishi kamar mai naƙuda, matarsa da 'ya'yansa kuwa ko ciwon kai babu.

A rana ta huɗu da hantsi wata farar mota ta tsaya a gindin tanki. Wata mata ce ta fito, gajeriya, da takalmin roba har gwiwa da akwatin ƙarfe a hannu. Jami'ar hukumar lafiya ce. Ɗakin gwaji bai tsaya aika wa Injiniya takarda ba, kai tsaye ya buga wa hukuma waya, domin abin da aka gani a kwalbar ya wuce wasa. Aka taso shi daga gado. Duk da halin da yake ciki sai da ya tsaya ya saka hular kwano.

"Malam, kai ne mai kula da ruwan nan?"

"Injiniya, ranki ya daɗe."

"To. Kwalbar da ka kai ranar Litinin cike take da ƙwayoyin da ake samu a bayan gida. Nuna min littafinka."

Kafin ta buɗe littafin, matan rukunin sun soma fitowa ƙofar gida, maza marasa fita aiki sun matso. Ta ɗebi ruwa a famfon gindin tanki, ta jefa ƙwaya, ta ɗaga gilashin sama. Ruwan bai ko yi alamar rinewa ba. Ta ɗaga jaridar da ke kan durom, ta yi ta fama da murfin da tsatsa ta cinye, ta leƙa. Kulorin ɗin ya daskare ya zama dutse, kuma a cike yake kamar yadda Baba ya bar shi. Sannan ta soma buɗa shafuka.

"Ɗigo biyar, ɗigo biyar, ɗigo biyar. Ruwanka ba ya motsi, Malam. Nan kuma ka auna ranar talatin ga Fabrairu."

"Eh, ranki ya daɗe, ni ba na hutu."

"Na ga alama. Har ranar da babu ita a kalanda ka zo aiki."

Wani ya fashe da dariya a bayansa. Jami'ar ta rufe littafin ta saka a jakarta, ta nufi tsani. "Mu hau."

"Ranki ya daɗe, ba ni da lafiya. Cikina."

Ta dube shi daga hula zuwa silifas, ta kama ƙarfe ta haye kamar mai hawa matakalar gidanta. Ta daɗe a sama. Da ta sauko fuskarta a murtuke take, tana riƙe da baƙar leda nesa da jikinta. Ta ce murfin tankin babu shi, da alama iska ta ɗauke shi shekaru da suka wuce. Tantabaru sun yi sheƙa a bakinsa, gansakuka ta rufe bangon ciki, laka a ƙasa ta kai kamu ɗaya. Abin da ke cikin ledar ba ta buɗe ba saboda akwai yara a wurin, amma warin ya isa bayani. Wata mata ta toshe baki ta ruga cikin gida. Daga nan jami'ar ta ja awo daga bakin rijiya zuwa ramin masai, ta rubuta, ta girgiza kai.

Injiniya ya ga idanu sun yi masa caa. Zuciyarsa ta shiga neman hanyar fita, kuma da yake bai saba tunanin abin da ya wuce taku ɗaya ba, sai ya cafke ta farko da ta zo masa.

"Ranki ya daɗe, akwai kuskure! Wannan sakamakon ba na ruwanmu ba ne. Ɗakin gwajin ne ba su san aikinsu ba. Ta yaya za a ce an samu ƙazanta a kwalbar nan, bayan ruwan gora na kamfani na zuba a ciki da hannuna?"

Wurin ya yi tsit. Har rediyon ɗakin inji aka jiyo tana magana.

Jami'ar ta zare biro a hankali. "Maimaita, Malam. Me ka zuba?"

Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Inna Nas, da ke tsaye da sandarta, ta ce, "Shekara nawa kana yi, ɗana?" Ta juya ta dubi takardun da ke manne a ƙofa, kowa ya bi ta da kallo.

"A ina ka sayi gorar?" in ji jami'ar.

Jama'a suka ɗunguma zuwa shago, Injiniya a tsakiya kamar wanda aka kama a kasuwa. Mai shago ya tarbe su da fara'arsa, har jami'ar ta ɗaga labulen bayan kanta. Ga buhun gorunan da aka sha aka yar, ga kwalin sababbin murafe, ga ɗan tiyo a maƙale da famfo. Wata biyar ke nan yana ɗura ruwan tanki yana sakawa a firji.

"Kai!" Injiniya ya yi kansa. "Ni za ka shayar da ruwan famfo? Kana so ka kashe ni?"

Mai shago ya ja da baya, mamaki ya cika shi na gaske. "Haba Yaya, wane irin kisa? Ba takardunka ne a ƙofa ba? Kullum kana cewa ruwanmu ya fi na kamfani tsafta. Ni na yarda da kai ne. Cewa na yi tunda haka ne, don me zan wahala zuwa sari?"

A daidai lokacin cikin Injiniya ya murɗa. Ya ratsa jama'a da gudu, hannu ɗaya a ciki, ɗaya dafe da hula.

Kafin azahar an garƙame ɗakin inji da kwaɗon hukuma, an rufe shago, an manna jar takarda a kowace ƙofa cewa kada a sha ruwan famfo, kada a wanke baki da shi. Sati biyar tankar ruwa ce ke zuwa da safe, mutane suna layi da bokitai da jarkoki. An kira Baba ofishin hukuma, aka ci shi tara, aka ce ko ya cike rijiyar ya haƙa wata a nesa da ramin, ko a soke rajistarsa. Tsohon da bai taɓa shiga ofis da laifi ba ya tsaya a gaban yaran da ya haifi kamarsu yana ba da haƙuri. Sai da ya sayar da filin da ya ajiye wa jikokinsa aka yi sabuwar rijiya, aka wanke tanki aka yi masa murfi.

Da ya dawo daga ofishin ya aika a kira surukinsa. Injiniya ya zo ya durƙusa, ya riga ya shirya jawabi a kan damina da mahassada da rashin kayan aiki.

"Baba, abin da ya faru shi ne..."

"Ba tambayarka na yi ba." Tsohon ya miƙa hannu wajen da yake jin muryarsa. "Takardun nan da kake karanta min ina sa maka albarka, ka san ba na gani. Ko sau ɗaya ba ka ji nauyi ba?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. A gaskiya ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, kuma da an bar shi da shi na kwana biyu wataƙila da ya zama kunya. Amma kafin ya kai ƙofar gida ya riga ya gano cewa laifin na mai shago ne.

"Ajiye makullan a nan," in ji Baba. "Don 'yata da jikokina ka ci gaba da kwana a gidan da kake. Ban da wannan ba ni da magana da kai."

Jaririyar gida na goma sha bakwai ta kwana tara a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don an rasa jijiya a hannunta. Ranar da aka sallamo su, matar Injiniya ta matsa masa sai ya je ya yi musu sannu. Ya tafi yana jan ƙafa. Matar telan ce ta buɗe ƙofa, yarinyar a kafaɗarta, ta rame ta zama kamar 'yar tsana, an aske gefen kanta.

"Sannunku da jiki. Ai ni ma na sha fama, kwana huɗu ban..."

"Inna Nas ta ce min in tafasa," matar ta katse shi, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na zo har ƙofar ɗakinka na karanta takardarka, na koma na ce wa mijina tsohuwa ce take rigima. Ni na haɗa mata madarar da hannuna." Ta mai da ƙofa ta rufe.

Ya dawo gida ya ce wa matarsa mutanen nan ba su san karamci ba.

Hukuma ta ce ba za a buɗe ruwa ba sai an samu wanda ya yi kwas na sati biyu ya ci jarrabawa. Injiniya ya ce shi zai je, ai sunan abin kawai za a yi, shi zai ma koya wa malaman. Ya zauna a layin gaba yana gyara wa malami magana. Ranar jarrabawa aka tambayi yawan kulorin da za a zuba a tanki mai girma kaza, ya rubuta ɗigo biyar. Ya faɗi. Matarsa, wadda ta yi rajista ba ta gaya masa ba, tana zuwa ajin yamma bayan ta tashi daga makaranta, ita ta zo ta biyu a cikin mutum talatin.

Yanzu ita ke riƙe da ruwan. Ƙarfe shida na safe tana gindin tanki da ɗan gilashinta, ta auna ta rubuta abin da ta gani, wata rana ɗigo huɗu, wata rana ɗigo bakwai, sannan ta wuce makaranta. Duk wata shida takan ɗauko masu wanke tanki, ta ɗaura ɗamara ta hau tare da su. Kwalbar gwaji kuwa ba ta ɗiba sai ta kira Inna Nas ko wani ɗan haya ya tsaya yana kallo. Sau ɗaya sakamako ya zo da ɗan matsala, ta bi gida-gida ta faɗa da bakinta, aka tafasa ruwa na kwana uku har aka gyara.

Wannan duka ya tsaya wa Injiniya a rai. Wata takwas da karɓar aikinta, wata wasiƙa marar suna ta isa hukuma, wai ruwan rukunin bayan tasha yana warin magani, ana neman hallaka jama'a, kuma mace ba ta da ilimin wannan aiki, a mai da shi hannun ƙwararre. Jami'ar nan ta zo, ta auna famfo shida, ta ga komai daidai. Da za ta tafi ta ba matar Injiniya kwafin wasiƙar, ta ce, "Ko kin san rubutun?"

Ta san shi. Da yamma ta zauna da jan biro ta gyara kurakurai goma sha huɗu, ta ajiye masa a kan matashinsa.

Yau Injiniya ya haura hamsin. Da safe yakan yi wanka ya tafi tasha, ya zauna a bencin masu yankan tikiti yana bayanin yadda ya kamata a gyara wutar lantarki da hanyoyin ƙasa, har lokacin cin abinci ya yi ya dawo gida. Baƙin direbobi kan saurare shi, 'yan unguwa kuwa sai su tashi. Telan da matarsa sun bar rukunin a ƙarshen shekarar nan, ko sallama ba su yi wa kowa ba sai Inna Nas. Ita ce take zuwa duba su. Ta ce yarinyar ta shiga makaranta, tana da wayo da surutu, sai dai har yanzu ita ce mafi ƙanƙanta a ajinsu.